Gandun namun daji da masaukin baƙi a ƙasan Filato: sana'a ce ko zubar da kuɗi?

Baban Sadiq: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema kuma dan Allah a faɗa min gaskiya ko da ba daɗi. Yayana babba yana da fili can ƙasan Filato, gaba da Shendam, inda da ka gangaro daga kan tudu za ka fara cire rigar sanyi. Filin da girma, akwai rafi da ba ya ƙafewa duka ko da rani, akwai kurmi a gefensa, kuma har yanzu ana ganin gada da mazo da birai, wani lokaci har gadu. Gefe ɗaya ake nomawa sauran an bar shi haka. To yanzu ya zo da magana wai zai kewaye wurin ya mai da shi ƙaramin gandun namun daji, ya gina bukkoki kaman takwas masu banɗaki a ciki, mutane su riƙa zuwa hutu suna biya, irin dai na Kenya da muke gani a waya. Yana so mu ƙannensa kowa ya zuba wani abu, ni kuma abin da ke hannuna jarin shago ne. Abin nan yana tafiya a ƙasar nan kuwa?

Alhaji Mai Taya: Wa alaikumus salam. Riƙe kuɗinka. Na gama magana.

Ɗan Gangare: Haba Alhaji ko gaisawa ba a gama ba har kun yanke hukunci 😂

Alhaji Mai Taya: To bari in ƙara tunda kana so. Wa zai kwashi matarsa da 'ya'yansa ya kai su tsakiyar daji su kwana a wannan zamanin? Sambisa da kuke ji ana tsoro ai gandun namun daji ne tun asali. Kamuku da ke Birnin Gwari gandu ne na gwamnatin tarayya guda, ku tambaya ku ji ko akwai mai zuwa can yawon buɗe ido yanzu. In gwamnati da bindigoginta abin ya yi mata nauyi, yayanka da me zai tsare? Da gora?

Maman Ilham: Alhaji ku yi haƙuri amma ba kowane daji ne Sambisa ba. Yankari fa mutane suna zuwa, lokacin Kirsimeti da hutun Sallah sai ka yi da gaske kafin ka samu ɗaki. Mu da muka je da yara har yau maganar ruwan Wikki suke, ruwan garau kana ganin yashin ƙasa, ga ɗumi ko da asuba ka shiga. Sai dai birai, wayyo, wani ƙaton gwaggon biri ya zo a gabana ya zauna ya buɗe kular shinkafa kaman shi ya dafa, ya ɗebo da hannu biyu, da na yi ihu sai ya ɗago ya kalle ni ya ci gaba abinsa. Ilham ta yi kuka amma da muka dawo Jos shi ne labarin da ta fi ba 'yan ajinsu.

Alhaji Mai Taya: Yankari daban ne Hajiya. Murabba'in kilomita sama da 2,200 ne, tun 1956 aka keɓe shi, an buɗe wa jama'a a 1962, ga giwaye ga ɓauna ga ruwan ɗumi da Allah ya ajiye. Ko babu dabba ko ɗaya mutane za su je don Wikki. Shi yayan nasa me zai nuna? Gada? Gada da ake gani a gasa a bakin hanya?

Ɗan Gangare: Sai a sayo zaki mana. Zaki ɗaya kawai, ka ga layi daga kasuwar Terminus ta Jos har can.

Dakta: Dan Allah kar ma wannan maganar ta shiga kunnen yayansa. Zaki babba yana cin nama kilo 5 zuwa 7 a kullum, babu ruwansa da an samu baƙi ko ba a samu ba, babu ruwansa da damina. Kuma ku 'yan Jos kun manta Disambar 2015 da zaki ya fita daga gandun nan na hanyar Miango, gari ya rikice iyaye suna kwaso yara, ƙarshe sai harbe shi aka yi? Wannan a cikin gari ke nan inda akwai jami'an tsaro kusa. A ƙauye in ya fita ya kama saniyar wani ko ɗan wani fa? Sannan ba a ajiye irin waɗannan dabbobi haka kawai, akwai dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa ta 1985 wadda aka yi wa gyara a 2016, sai da izini. Zakin Afirka ta Yamma ma binciken da aka fitar a 2014 ya ce kusan 400 suka rage a yankin gaba ɗaya, a Najeriya Yankari da Kainji kawai ake maganar akwai sauransu. In wani ya ce zai sayar maka da ɗan zaki ka tambayi kanka ina uwar take.

Ɗan Gangare: To Dakta an janye zaki. Raƙumin dawa fa? Shi ai ganye yake ci.

Dakta: Shi ma Bauchi sun riga ka. Gandun Sumu, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, a 2006 zamanin gwamna Ahmadu Mu'azu aka kawo dabbobi daga Namibiya, raƙuman dawa da jakunan dawa da manyan bareyi iri-iri, aka kewaye musu wuri. Amma gwamnatin jiha ce ta yi, da jirgi da likitoci da kuɗin wayar shinge. Dabbar da ka ɗauko daga wata ƙasa sai ka lura da kaska da tsando da irin ganyen da ta saba ci. Ni a ganina wanda zai fara ƙarami ya manta da sayo komai, ya tsare abin da Allah ya riga ya ajiye masa a wurin.

Kawu Renja: Salamu alaikum. Na karanta duka tun daga sama. Baban Sadiq ɗana, ni na yi aikin gadin daji har na yi ritaya, bari in tambaye ka abu uku kafin maganar bukka. Rafin nan su waye ke shayar da shanu a cikinsa da rani? Matan ƙauyen ina suke yin itace? Kuma maharban wurin su nawa ne, wane ne sarkin bakansu?

Baban Sadiq: Kawu gaskiya ban sani ba sai na tambaye shi. Amma fili nasa ne fa, da takarda.

Kawu Renja: Takarda tana aiki a kotu ɗana, a daji da ƙarfe biyun dare ba ta aiki. Bari in gaya maka yadda ake kashe gandu, ba da bindiga ba ne yawanci, da waya ne. Wayar birkin babur, ko ita kanta wayar shingen da ka saya da kuɗinka ka kewaye wurin, a yanke ta a yi zarge a ɗaura a jikin ƙaramin itace daidai hanyar da dabba ke bi zuwa ruwa. Mutum ɗaya zai iya ɗana hamsin a yini guda ya koma gida ya kwanta. Tarkon ba ya zaɓe, mai ciki ce, ɗan ƙarami ne, duk ɗaya. Mun sha tarar da gwanki ya mutu a tarko ya ruɓe saboda mai tarkon ya manta inda ya ɗana, ka ga ƙasar wurin duk ya tone ta da kofato yana zagaye itacen har wayar ta shige cikin ƙashi. Ba ka da ma'aikatan da za su bi kowace hanya kullum. Wanda kawai ya san inda tarko yake shi ne wanda ya taso a wurin, to in bai ci komai a gandun ba me zai sa ya gaya maka?

Manomi: Allah ya saka da alheri Kawu, kun taɓo inda ke min ciwo. Ku 'yan birni in an ce giwa sai ku ce kai abin sha'awa. Ƙauyenmu yana gefen wani babban gandu, ba sai na kira suna ba. Shekarar da suka shigo mana dawa ta riga ta yi kai saura kaɗan a yanka, cikin dare muka ji karaya ƙas ƙas kaman ana sare itace, muka fito da tocila da garwa muna bugawa, ko a jikinsu. Da gari ya waye gonar babana ta zama fili, abin da ba su ci ba sun tattake, ga kashinsu tuli-tuli da ƙwayar dawarmu a ciki. Aka zo aka rubuta sunaye aka ɗau hoto aka tafi, shiru kake ji. Shekarar sai da muka sayar da akuyoyi muka sayi hatsi. To ka zo ka ce wa babana ya so giwa.

Maman Ilham: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri. Gaskiya mu ba ma ganin wannan ɓangaren.

Dakta: Giwa babba tana iya cin kilo 150 a rana, ka ga garke guda a gona dare ɗaya ai an gama. A Kenya akwai dabarar da suke yi ta jera amya a gefen gona a haɗa su da waya, giwa na taɓa wayar sai ƙudan zuma su tashi, kuma giwa tana tsoronsu sosai saboda suna shiga hanci da gefen ido. Manomi ya tsira da gonarsa ga zuma ya sayar.

Manomi: Dakta wa zai saya mana amyar? Kullum a Kenya a Kenya. Kuma shi Baban Sadiq ba giwa gare shi ba, birai da gadu gare shi, su kuma ba sa tsoron zuma. In ya hana farauta shekara uku birai za su ninka, gadu zai ninka, kuma ba a gandun za su ci abinci ba, gonar maƙwabci za su shiga su tone doya da gyaɗa. Yankin nan na Shendam da Namu ai doya ce arzikinsu. Ranar da aka tone wa mutum kunya ɗari na doya ranar za ka san ko takarda tana tsare waya.

Akanta: Ina biye da ku daga Abuja. Ni bari in zo da lissafi tunda shi ne aikina, kowa ya ɗau biro. Kallon namun daji a arewa na rani ne, daga wajen ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe an ƙone ta dabbobi sun taru a bakin ruwa. Da damina ciyawa ta fi mutum tsawo ba ka ganin komai, hanya ma ta yanke. To mu ce wata biyar, wato ƙarshen mako kaman 20, don ɗan Najeriya ba ya zuwa hutu ranar Talata. Ɗaki 8, kwana biyu-biyu, sau 20, ya kama kwana 320 a shekara in kullum a cike yake, kuma ba zai cika kullum ba. Da kuɗin kwana 320 ɗin nan za ka biya masu gadi wata 12, mai dafa abinci, direba, man janareta ko batiran sola, gyaran famfon burtsatse, gyaran mota, gyaran hanya bayan kowace damina, jinkar bukka da gara ke ci. Ka raba ka gani nawa za ka sa kuɗin ɗaki, sannan ka tambayi kanka mutum nawa ka sani a Jos da za su biya wannan kuɗin su je inda babu sabis.

Alhaji Mai Taya: Yauwa. Abin da na faɗa a layi ɗaya shi ne Akanta ya faɗa da turancin lissafi.

Akanta: A'a Alhaji ban ce ba zai yiwu ba, cewa na yi kuɗin ɗaki kaɗai ba zai riƙe shi ba. Waɗancan na Kenya da Tanzaniya da yayansa ke gani dala ake biyansu, Turawa ne ke sauka da jirgi. Ruwanda takardar izinin ganin gorila kaɗai dala 1,500 ce mutum ɗaya, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shiga gandayensu yana komawa ga ƙauyukan da ke kewaye, a gina aji a gina asibiti. Mu nan baƙonmu ɗan gida ne mai naira, zai zo da kularsa da tabarmarsa ya nemi ragi a bakin ƙofa.

Ɗan Gangare: Akanta ka daina zagina a fakaice 😂

Mai Tsuntsu: Ni ina ga duk kun tafi kan manyan dabbobi ne shi ya sa lissafin ke ƙin fita. Nan kusa da mu a Laminga, Jos ta Gabas, akwai dajin Amurum, wajen hekta 300 ne kacal, babu zaki babu giwa, amma an ƙirga tsuntsaye sama da iri 250 a ciki. A nan cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI take, ƙarƙashin Jami'ar Jos, ɗalibai daga ƙasashen Afirka daban-daban suna zuwa yin digiri na biyu. Akwai wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu da sai a 1998 masana suka tabbatar irinsa daban ne, kuma a nan Filato aka gano shi, akwai masu tasowa daga Turai don su gan shi kawai su rubuta a littafinsu. Mu muna wuce shi kullum ba mu ko kallo. Wurin da ke da rafi da kurmi a ƙasan Filato na tabbata tsuntsayensa za su ba ku mamaki, kuma mai kallon tsuntsu ba ya neman ɗaki mai sanyi, gado mai tsabta da gidan sauro da shayi da asuba ya ishe shi.

Alhaji Mai Taya: Wato mutum ya bar Landan ya zo kallon tsuntsu. Allah mai iko. Su nawa ne a shekara Malam? Kuma ofishin jakadancinsu zai bar su su wuce Shendam?

Mai Tsuntsu: Ba su da yawa Alhaji, wannan gaskiyarku ce. Amma ɗaliban jami'a da na kwalejin gandun daji da ke nan Jos fa? Su ai dole su fita aikin fili kowace shekara, kuma su da damina ma suna zuwa. Ga makarantun sakandare masu kai yara yawon ilimi.

Maman Ilham: Wannan kam ni shaida ce tunda koyarwa nake. Duk shekara sai mun rasa inda za mu kai yara, daga gidan tarihi sai gidan zu sai mu dawo, yaran har sun haddace kejin kowace dabba. Amma in faɗa muku abin da shugabar makaranta za ta fara tambaya, ba dabba ba ce. Banɗaki ne, na mata daban da ƙofa mai sakata da ruwa. Sai wurin sallah, sai ko akwai asibiti kusa. Mun taɓa kai yara wani wuri da ba zan faɗi suna ba, hotunan da suka sa a Facebook kaman aljanna, muka isa babu ruwa ko na alwala, ɗakunan warin jemage, mai gadin ya ce mai makullin ya tafi kasuwa. Tun daga ranar in ba malami ya je ya gani da idonsa ba ba ma zuwa.

Hajiya Rikkos: Ni tambayata ɗaya ce. Yayan naka zai koma can ya zauna ne ko daga Jos zai riƙa bugo waya? Don in na biyun ne kar ma a fara. Ko gidan kaji ka bar wa yara ka san yadda ake ƙarewa balle daji guda.

Baban Sadiq: Hajiya ya ce in ya yi ritaya zai koma, saura shekara biyu.

Hajiya Rikkos: Uwargidansa ta sani? 😂

Kawu Renja: Hajiya ta yi tambaya mai kyau. Amma ina so in koma kan maganar Alhaji ta tsaro don ban yarda da ita duka ba. Dajin da ɓarayi ke shiga su zauna shi ne wanda aka yasar, babu sintiri babu mai shiga babu mai fita. Inda ake da masu gadi 'yan ƙauyen, ana biyansu a kan lokaci, makiyayi ya san an bar masa mashaya, labarin baƙuwar fuska yana isowa kafin ita ta iso. Ku dubi gandun Zakuma a Chadi, maharba a kan dawakai sun rage giwayen wurin daga sama da 4,000 zuwa wajen 450 cikin 'yan shekaru, da aka ba ƙungiyar African Parks riƙon wurin a 2010 abin da suka fara yi har da raba wa ƙauyuka rediyon oba-oba don su riƙa sanarwa in sun ga wani abu, giwaye suka dawo suna haihuwa. Chadi fa, ba Ingila ba. Ga Kure a Nijar kusa da Yamai, raƙuman dawa 49 suka rage a 1996, na ƙarshe a Afirka ta Yamma, kuma ba a cikin shinge suke ba, cikin gonakin mutane suke yawo suna cin wake. Aka sa 'yan ƙauyen su ne masu rakiyar baƙi, ana taimaka musu da rijiyoyi da bashin sana'a, yau sun haura 600.

Manomi: Kawu wannan na Nijar ɗin shi ne magana. In ɗana ne ke rakiyar baƙi ana biyansa, matata ce ke sayar musu da fura da ƙwai, to ko biri ya ci min masara zan iya haɗiyewa. Amma yawanci abin da ake yi shi ne a kawo manaja daga birni, mai dafa abinci daga birni, har mai shara ɗan uwan mai gida ne, mu sai dai mu ga ƙurar mota.

Alhaji Mai Taya: Kawu da girmanku, amma African Parks kuɗin Turawa ne a bayansu, miliyoyin daloli. Gandun Gashaka Gumti ma da ake yabo yanzu ai sai da gidauniyar ANI ta shigo a 2017 da kuɗinta. Yayan Baban Sadiq garatuti ne zai zuba da jarin shagon ƙannensa. In ya ƙare wa zai kawo ɗauki?

Kawu Renja: Shi ya sa nake cewa kar ya fara da gini Alhaji. Ni da zai ji tawa, shekarar farko ko bulo ɗaya kar ya ajiye, kuma kar ya sayi wayar shinge. Ya je wurin mai gari da sarkin baka da arɗo su zauna, a yanka wa makiyaya gefen rafin da za su riƙa shayarwa a bar musu burtali, a ware wa mata inda za su yi busasshen itace. Ya ɗauki maharba biyu ko uku, waɗanda suka fi kowa ɓarna, su zai ba aikin gadi don su suka san kowace hanya. A yi yankan wuta kafin Disamba, a ƙone da wuri tun ciyawa da sauran danshi don kar gobarar rani ta cinye kurmin. A hana masu gawayi da masu yankan madobiya, wadda 'yan katako ke ce wa madrid, don su a mako guda za su iya kwantar da abin da ya shekara hamsin yana girma. Sai ya zuba ido. In bayan rani biyu ya fita da asuba ya ga sawun dabbobi a bakin ruwa ya ƙaru, mazo ya daina zabura tun daga nesa, to wurin ya karɓa, sai a kafa tanti uku a gwada da 'yan uwa da abokai. In kuma tarko bai ragu ba to ya gode Allah bai gina komai ba, ya koma noman doyarsa.

Akanta: Wannan tsarin na Kawu ko ni zan sa hannu, don abin da za a yi asara in ya ƙi kaɗan ne, albashin mutum uku da kuɗin zirga-zirga. Ƙari ɗaya, a duba takardar filin da kyau. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, in takardar ta noma ce aka ba shi to gina masaukin baƙi sai an canza manufa, kuma ma'aikatar da ke kula da gandun daji ta jiha sai ta san da zamansa. Kuma Baban Sadiq in za ka sa kuɗi a rubuta, kaso nawa naka, ko da yayanka ne uwa ɗaya uba ɗaya. Saboda 'ya'ya.

Mai Tsuntsu: Kuma kafin komai ku je gandun Pandam mana, ai kusa ne da yankin, a Qua'an Pan kan hanyar Lafiya zuwa Shendam. Tun zamanin gwamna Gomwalk aka keɓe shi, akwai tafki da dorinar ruwa, har ayu an san shi da shi. Ku zauna da ma'aikatan wurin ku tambaye su wane wata baƙi ke zuwa, daga ina suke zuwa, me suke tambaya in sun zo. Abin da za su gaya muku a zama ɗaya ba za ku same shi a bidiyon Kenya ba.

Baban Sadiq: Jama'a na tura masa duk abin da kuka rubuta, yanzu ya turo min murya mai tsawo. Ya ce rafin akwai rugage biyu da ke shayarwa a wurin tun zamanin mahaifinmu, kuma shi niyyarsa da ya kewaye har da rafin gaba ɗaya saboda a nan yake so bukkokin su kalli ruwa. Mai gari kuma bai yi masa maganar ba tukuna, wai yana jira sai an kawo wayar shinge.

Kawu Renja: Inna lillahi. Ka ce masa Kawu ya ce dan girman Allah kar waya ta riga shi isa ƙauyen nan. Filato muke, kowa a nan ya san abin da rufe mashaya ke jawowa.

Manomi: In ya rufe rafin nan ko wata uku wayar ba za ta yi ba.

Baban Sadiq: Ya ce ya ji. Wai ko Kawu zai yarda ya raka mu in an yi Sallah mu je a ga wurin, a gaida mai gari, mu biya Pandam a hanya.

Kawu Renja: In Allah ya kai mu zan je, amma a tafi da goro da gishiri, kuma ranar farko ba a maganar gandu, gaisuwa ce kawai.

Ɗan Gangare: A sa sunana. Ni ne mai ɗaukar hoto.

Dakta: Duk mai zuwa ya nemi takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando mai kauri, ban da silifas, Ɗan Gangare da kai nake. Yankin Shendam da Langtang ƙasar kububuwa ce, ƙarama ce kalar ƙasa ba ka ganinta sai ka taka, kuma dafinta hana jini daskarewa yake. In tsautsayi ya faru ba a tsagawa ba a tsotsa ba a ɗaure da roba, a hana ƙafar motsi a nufi asibitin Zamko da ke Langtang, can suka saba da saran maciji. Ku karɓi lambar wani a can tun kafin ku tashi ku tabbatar akwai allurar dafin macijin a ƙasa.

Ɗan Gangare: A cire sunana.

Maman Ilham: 😂😂 Baban Sadiq in kun je ku duba min ko bas ɗin makaranta za ta iya shiga hanyar, da nisan wurin daga kwalta.